Ba Kowane Sanyi Ne Sanyi Ba

A Yawuri, bakin ruwa, inda jirage ke kwana,
akwai mai lasifika da jarkoki sha uku.
Duk abin da ya kama mutum daga cibiya zuwa gwiwa
sunansa ɗaya a bakinsa: sanyi.
Na sha jarka biyu, ɗaci har ƙeya.
Na bi da kafso ja da rawaya.
Ya tafi. Na ce Allah sa albarka.
Da ruwa ya janye daga gaɓa, sai ga shi ya dawo,
wuri ɗaya, kamar mai bin bashi da ya san ƙofa.

Ni Tunau, mai liƙe ɓarakar jirgi da kwalta da tsumma,
na san yoyon ƙusa daban, na ruɓar katako daban.
Amma a jikina na manta.

Ranar Talata na zauna a bencin asibiti,
hula a ƙasan ido, kada wani Basarke ya gane ni.
Malam Na'iya ya rufe ƙofa. Bai yi wa'azi ba.
Ya ce, Kafin ya fito, me kake ji?
Na ce, tsikari, kamar kiyashi na tafiya ƙarƙashin fata.
Sannan?
Ƙuraje masu ruwa, a cure, kamar ƙwan tarwaɗa.
Su fashe, su bar gyambo mai raɗaɗi,
fitsari ya taɓa, in ciji leɓe.
Karon farko har zazzaɓi da kaluluwa.

Ya sa safar hannu, ya duba, ya daɗe.

Ya ce, Tunjere ba ya yawan kuka.
Gyambo guda, mai taurin baki, ba zafi,
ya ɓace da kansa, ya shige jini ya yi zamansa.
Shi ya sa shirunsa ya fi ban tsoro.
Sanyin gaske mugunya yake ɗigarwa ta mafitsara.
Ƙazuwa da dare take farkawa, har tsakanin yatsu.
Ƙurjin aski kuwa, duba tsakiyarsa, akwai gashi kwance.
Wani ma sabulu ne kawai, ko zufa da matsattsen wando.

Naka ya yi kama da hapis.
Kama na ce. Kama da wane ba ta wane.
Ido yakan yi ƙarya, ko nawa.

Ya goga auduga a kan sabon ƙurji,
ya ce gara da na zo yana ɗanye,
busasshe ba ya ba da shaida.
Ya ɗebi jini saboda sauran, masu shiru.
Kwana tara takarda ta dawo.

Na ce, ya warke ke nan in na sha?
Ya ce, A'a. Baƙo ne da ba ya sallama.
Yana kwana a jijiya, gajiya ko zazzaɓi su tashe shi.
Ƙwaya tana gajarta ziyararsa, ba ta korarsa.
In ya motsa, ka raba shimfiɗa har fata ta haɗe.
Ko yana barci yakan tsallaka, ka sani.
Mutane na tsufa da shi, su aurar da jikoki.
Matarka fa?

Kulu na da ciki wata bakwai.

Na same ta tana juya kifi a kan banda,
hayaƙi ya ba ni dalilin hawaye.
Na faɗa mata, kaina a ƙasa.
Ta juya kifi uku ba ta ce komai ba.
Sannan ta ce, Ungozoma ya kamata ta sani kafin haihuwa.
Gobe za ka raka ni.
Sauran maganar, ni da kai, tana nan.

Jarkar da ta rage na wanke ta.
Da ita nake kwashe ruwa a jirgi.